Dillalin gidaje na Gujungu: abin da na gani da na kai masa gidana

Masu tambayata a kan dillalin da ya yi mini hidimar gidana na Gujungu sun yi yawa, wasu a waya wasu a majalisa, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Sunansa ba zan kama ba, don ban nemi izininsa ba, kuma cikin abin da zan faɗa ba duka ne yabo ba. Dattijo ne mai ɗan shago kusa da hanya, da benci biyu a waje da wani ƙaton littafi mai baƙin bango da yake rubuta kowane ciniki a ciki. Gidaje da filaye da gonaki yake dillanci, yana kuma ba da haya. La'adarsa biyar cikin ɗari ce a sayarwa, ɗaya cikin goma a kuɗin haya. Wanda yake waswasin ko ya sayar da gida ko ya riƙe a wannan matsin, ban san wanda ya fi shi ba a yankinmu. Wanda kuwa yake son kuɗi gobe-gobe, ko mai neman wanda zai kula masa da 'yan haya, ya nemi wani.

Ni manomi ne, shinkafa da damina, alkama da rani. Gidan da ake magana na fara shi a 2019: ɗaki huɗu da zaure, ginin bulo, rufin kwano, da ragowar fili a baya da ban kai ga ginawa ba. Iyalina suna gidanmu na gado a ƙauye, wannan na yi shi ne don yara in sun taso. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Duk mai noman rani ya san abin da injin ban ruwa yake sha. Ga taki, ga kuɗin 'yan ƙwadago. Sai kuma ruwa ya ci mini shinkafa a daminar 2024, na wayi gari da bashin miliyan biyu da dubu ɗari shida a wuyana, akasarinsa na wani ɗan kasuwa da ke ba mu taki da mai mu biya da shanshera. Da niyyar sayarwa na je wurin dattijon, ba da niyyar neman shawara ba.

Bai tambaye ni nawa nake so ba. Ya ce mu je ya gani. Da muka shiga sai ya ciro makullin babur ɗinsa yana kankarar bulo a wuraren da ba a yi filasta ba, ya murza garin a yatsa don ya ji yawan simintin. Ya ɗaga kai ya ƙirga fallayen kwano, ya leƙa katakon rufi ko gara ta taɓa, ya zagaya bayan katanga yana duba ko akwai layin da ruwa ya taɓa kwanciya. Sannan ya zauna a dakalin zaure, ya yago takardar buhun siminti, ya shiga lissafi da biro: in yau za a tayar da irin wannan gidan daga tushe, nawa zai ci? Buhun simintin da na saya wajen naira 2,600 lokacin da nake gini, ranar yana wasa a dubu goma. Kwano, rodi, katako, tifar yashi, kuɗin magina, kowanne ya rubuta farashinsa na ranar. Jimla ta haura miliyan goma sha ɗaya, ban da kuɗin fili.

Ya miƙo mini takardar ya ce, "To Malam, ga abin da gidanka ya ci a yau. In na fitar da shi kasuwa kuwa, wanda zai taya shida ya yi ƙoƙari."

Na ce, "Baba, wannan wace irin kasuwa ce, abu ya ci sha ɗaya a taya shi shida?"

Ya ce, "Kayan gini dala suke bi. Gidan ƙauye kuwa aljihun maƙwabta yake bi, aljihun nan kuma ka san halin da yake ciki."

Wannan maganar ita ce babban abin da na samo a wurinsa, kuma na tabbatar gaskiya ce. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigowa da shi ko ake haɗawa da kayan waje ya bi ta. Amma wa ke sayen gida a gari irin namu? Manomin da ya yi shekara mai kyau, ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, ɗan kasuwar da ke son wurin ajiye iyali kusa da hanya. Dukkansu a matse suke. Fataken da ke bin Maigatari ranar Alhamis, waɗanda a da su ne ke taya gida da daraja, rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karya wa da yawansu jari, har aka buɗe a Maris 2024 wasu ba su miƙe ba. Wanda ya rage da kuɗi a hannu ba sauri yake yi ba, jira yake mai buƙata ya zo ya same shi.

Sai ya tambaye ni, in na biya bashin, ragowar miliyan uku da wani abu me zan yi da ita. Na ce ko in bar ta a banki, ko in sayi masara in ajiye. A kan banki bai ma tsaya ba, kuma da hujjarsa: hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, wato kuɗin da ya kwana shekara a asusu ya rasa kusan kwatan abin da zai iya saye. A kan masara ya ce shi ba boka ba ne, amma hatsi yana da ƙwaro, yana da ɓera, yana kuma faɗuwa. Bai san abin da zai faru ba, sai ga shi a 2025 farashin hatsi ya rikito. Na san mutum biyu da suka sayar da kadara suka cika sito, har yau in an taɓo zancen sai su tashi daga majalisa.

Shawararsa ita ce a yanke filin baya, tunda yana kallon wani lungu daban, a sayar da shi kaɗai a rage bashin. A fasa wa zaure ƙofa ta wajen hanya ya zama shago, ɗakunan kuma a zuba 'yan haya. Na lissafa na ga ya bar la'adar cinikin miliyan shida ya koma ta cinikin miliyan biyu da 'yan kai, sai na tambaye shi dalili. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce shi ma lissafi yake: in ya sayar mini yau ya ci sau ɗaya, kuma duk ranar da na wuce ta ƙofar gidan zan tsine masa a zuci, in ya bar mini, zai riƙa cin na haya duk shekara, ranar da kuma zan sayar da daraja wurinsa zan dawo. Na fi yarda da mutumin da ya faɗa mini inda ribarsa take.

Kada a ɗauka kowa yake ce wa ya riƙe. Wani aminina yana da gidan ƙasa ta wajen Auyo, ba kowa a ciki tun da ya koma Kano. Dattijon yana gani ya ce ya sallama ko nawa aka taya, kafin damina. Ginin ƙasa in ba mai kwana a ciki, ba mai yaɓe duk shekara, ba mai gyara indararo, kango yake komawa, ga shi wurin ruwa ya kwanta a ambaliyar 2022 kuma kowa a yankin ya sani. A ganinsa irin wannan gidan cin mai shi yake yi. Haka nan ba ya taɓa gidan gado sai an raba, ko duk magada sun sa hannu, mata da maza, don ya ce wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba shari'a ta ba shi damar ya fanshi kason da aka sayar wa bare, kuma ya sha ganin ciniki ya warware a gaban alƙali saboda haka. Na kawo masa zancen jingina, in ba da gidan a ba ni kuɗi har in samu in fansa. Ya ce in fara tambayar malamai hukuncin mai bashi ya zauna a gidan da aka jinginar masa kyauta, sannan in tambayi kaina mutum nawa na sani da suka jinginar suka fanso.

Wajen takardu ma ba shi da wasa, kuma nan ne na ga bambancinsa da dillalan bakin tasha. Ranar awo sai da ya tara mai unguwa da maƙwabtan kowace kusurwa, aka ja igiya a gabansu, aka kafa turaku, aka haƙa rami aka binne dutse a kowane lungu. Takardar ciniki kwafi uku, da shaidu ta kowane ɓangare, aka kai wa dagaci ya buga hatimi. Ya kuma gaya wa mai sayen a gabana cewa wannan takarda shaidar ciniki ce, ba takardar mallaka ta gwamnati ba ce, don tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarta. In yana son abin da banki zai karɓa sai ya bi ta ofis. Da mai sayen ya tura kuɗi ya nuna mana saƙo a wayarsa, dattijon ya riƙe biron ya ce in je wurin mai POS in duba asusuna da idona tukuna. Miliyan biyu da dubu ɗari uku aka sayi filin. Ragowar bashin na cike bayan girbin alkama.

Yanzu ga inda ya gaza.

Yaran da ke zaune a bencinsa, 'yan kayi-nayi, su ne babbar matsalar wurin. Magana in ta shiga kunnensu ta shiga kasuwa. Ban kai ga gaya wa mai ɗakina yadda muka yi ba sai ga surukina ya aiko a tambaya wai gaskiya ne na karye ina sayar da gida. Mai sayar da kadara don bashi rufin asiri yake nema kafin kuɗi, kuma da zarar masu saye sun ji a matse kake, tayinsu ƙasa yake yi. Bayan an gama ciniki kuma suka biyo ni da zancen na goro, ban da la'adar da na riga na biya, shi kuwa ya kawar da kai kamar bai gani ba. Ɗaya daga cikinsu har yana ce wa masu saye wai jirgin ƙasa zai biyo ta nan filaye su yi tsada. A nan kam dattijon ya kwaɓe shi, ya ce layin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura ya bi, reshensa kuma Dutse ya nufa, kada a sayar wa mutane da ƙarya. To amma wanda ya iya kwaɓar yaro a kan wannan, ya kamata ya iya kwaɓarsa a kan sirrin mutane.

Ga jinkiri. Waya sai ya ga dama yake ɗauka. Ba ya ɗaukar hoto, ba ya tura komai a WhatsApp, tallarsa duk ta baki ce, don haka mai kuɗi a Kano ko Dutse ko Haɗeja da zai iya taya filin da ɗan sama bai ma ji labari ba. Ina kyautata zaton da an kai zancen nesa da na samu ƙari.

Hidimar haya kuwa ita ce mafi rauni. Ya samo mini mutanen kirki, wannan ba zan ƙi faɗa ba: mai sayar da maganin feshi a shagon, wani malamin makaranta da iyalinsa a ɗaki biyu, sai wasu masu lodin kaya a kasuwa. Amma karɓar kuɗi ba aikinsa ba ne. Kunya ta yi masa yawa, ɗan haya yana cewa "Baba a yi haƙuri sai wata ya yi" shi ke nan an wuce wurin. Ba rasit, sai abin da ya tuna ya rubuta a littafi. Kwano ya yi yoyo a ɗaki ɗaya tun farkon damina, ba wanda ya sanar da ni sai da silin ya zubo. Kuma mai tunanin riƙe gida don haya ya sani, hayar ƙauye ba ta azurta kowa. Abin da nake samu a shekara bai wuce ya gyara abin da ya lalace ya sayi 'yan buhunan taki ba. Amfanin kawai gidan yana da masu kwana a ciki, kuma yana nan. Na karɓe zancen hayar na damƙa wa ƙanena da ke zuwa kasuwa duk mako, dattijon ma bai ji haushi ba, kamar an sauke masa kaya.

Mai niyyar zuwa kada ya je ranar Lahadi, ranar kasuwa ce, ba zai samu kansa ba. Ya je tsakiyar mako da hantsi, ya riƙe duk takardar da yake da ita ko da ta mai unguwa ce, ya kuma san ainihin nawa ake bin sa kafin ya zauna, don ita ce tambayar da za a fara yi masa in an gama duba gini. Ya ja shi gefe, can wajen masallaci, nesa da benci. Zancen na goron yara kuma a yanke shi tun kafin a ja igiya.