Villa Regina a Boscoreale: gidan manoman da suka ciyar da Pompeii

Duk wanda ya je Napoli a ƙasar Italiya, tsohon garin Romawa na Pompeii ake tura shi ya kalli gidajen attajirai da zanen bango. Rangadin da na biya wa kuɗi ya haɗa da Villa Regina a Boscoreale, arewa kaɗan da Pompeii, kuma a nan ne na ji kuɗina ba su tafi a banza ba.

Ƙaramin gidan gona ne da toka ta binne lokacin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekarar 79 miladiyya, aka gano shi a 1977. A tsakar gida akwai manyan randuna 18 binne har wuya, masu ɗaukar kusan lita 10,000 na giyar inabi gaba ɗayansu. Ga ɗakin matse inabi, ga murhun girki, ga masussuka a gefe. An sake dasa inabi kewaye da gidan, sai ka ga gona da idonka, ba kango kawai ba. A gidan tarihin da ke kusa akwai laujuna, kayan noma na ƙarfe da abincin da ya ƙone ya zama gawayi. Wanda ya taɓa riƙe lauje zai gane su ba sai an yi masa bayani ba.

Inda jagoranmu ya gaza shi ne batun mutanen. Ya daɗe kan giya, ya tsallake waɗanda suka yi wahalarta: maigida, matarsa, yara da bayi. Sai da na tambaya ya ambaci Cato, wani ɗan siyasar Roma na dā da ya rubuta littafi kan noma, wanda ya ce gonar inabi mai kimanin hekta 25 tana bukatar ma'aikata 16, ya kuma ba da shawarar a sayar da bawa in ya tsufa ko ya kwanta ciwo. Wannan magana ta sosa mini rai. Bai kuma taɓo yadda dogon yaƙi ya raba ƙananan manoma da gonakinsu ba, har Tiberius Gracchus, wani wakilin talakawa a Roma, ya nemi a raba musu filayen gwamnati a 133 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kashe shi a shekarar.

Wurin ba cunkoso, kana iya tsayawa ka duba komai a natse. In za ka je, nemi jagoran da ya san tarihin noma, ka kuma faɗa masa tun farko cewa rayuwar manoman kake son ji.