Gargaɗi ga 'yan Zango: aikin "danna ka samu kuɗi" na WhatsApp damfara ce

Jama'ar Aboabo, Asawase, Sawaba da sauran unguwanninmu na Kumasi, don Allah a karanta, a kuma nuna wa yaran da ke gida suna neman aiki.

Ɗiyar yayata ta gama bautar ƙasa fiye da shekara, aiki shiru, tana taya uwarta sayar da koko da ƙosai. Ran nan saƙo ya shigo mata ta WhatsApp daga lambar ƙasar waje, wai kamfanin talla ne ke neman masu aiki daga gida. Aikin kuwa ta shiga YouTube ta danna alamar so a bidiyo uku, ta ɗauki hoton fuskar wayar ta tura. Ta yi. Kafin la'asar sidi 30 ya faɗo MoMo ɗinta, wato asusun kuɗinta na waya. Da murnarta ta zo ta nuna mini: "Kawu, ka ga ni ma na samu abin yi." Na duba, kuɗi ne na gaske, na ce Allah ya sa albarka. Wannan sa albarkar tana ci mini rai har yau.

Ashe tsaba ce aka watsa wa kaza. Daga nan suka ja ta zuwa wani rukuni a Telegram, mutane cike, kowa na tura hoton kuɗin da ya ci yana godiya. Yawancinsu mutanen ɓarayin ne, an jera su don a kwantar wa baƙo da hankali. Sai aka ce akwai aikin manya, ka zuba 200 a mayar maka 260. Ta zuba, aka mayar. Ta zuba 800, shafinsu ya nuna kuɗinta ya haura dubu, amma da ta zo cirewa sai aka ce ta yi kuskure, asusu ya kulle, sai ta ƙara 2,500 kafin a buɗe. Kuɗin susun uwarta, wato adashi, ta ɗauka, da niyyar mayarwa kafin magariba. Tana turawa suka ce saura haraji. Da ta ce ba ta da ko kwabo, suka fitar da ita daga rukunin.

Da muka zauna muka bi saƙonnin, abin a fili yake. Duk lambar da ta tura wa kuɗi, sunan mutum ne ke fitowa, kuma kowane karo suna daban. Ba ofis, ba wanda ya tambaye ta takardar makaranta ko abin da ta iya. Wanda zai ɗauke ka aiki shi ke biyanka. Da zarar an ce kawo kuɗin fom, kuɗin horo ko kuɗin buɗe asusu, ka tsaya nan.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma samarinmu ake nema da shi. Za a ce kai wakili ne, kuɗi za su riƙa shigowa MoMo ɗinka, ka cire ladanka ka tura saura gaba. Kuɗin wasu ne da aka damfara. Layinka da Ghana Card ɗinka, wato katin ɗan ƙasa, aka yi masa rajista, saboda haka ranar da 'yan sanda suka bi sawu, ƙofar gidanku za su buga, mai gayya kuwa ba wanda ya san fuskarsa. Haka nan kada ka tura hoton katinka gaba da baya ga wanda ba ka sani ba. Lambar sirrin MoMo da lambar da ake turo maka ta saƙo ba na kowa ba ne, kuma in ka ga buƙatar amincewa da cire kuɗi wadda ba kai ka nema ba, ka soke ta.

Wanda abin ya riga ya shafa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Yarinyar nan kwana biyu ta ɓoye, kuma a kwana biyun nan an gama kwashe kuɗin. A kira kamfanin layi nan take, a kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, a je ofishin 'yan sanda da lambar kowace tura kuɗi da hotunan hirar. Kada a goge komai.

Mako guda bayan haka wani ya kira ta, wai zai dawo mata da kuɗinta in ta biya sidi 300 na bincike. Su ne dai suka sake dawowa. Wannan karon ni ta miƙa wa wayar.