Manhajar bayanan marasa lafiya: wacce za ka saya in kana son sanin ko jinyar asibitinka na aiki?

Duk mai tallan manhajar asibiti da ya shigo ofishinka, shafin kuɗi zai fara buɗe maka: nawa aka karɓa yau, nawa ya shiga ɗakin magani, wa ake bi bashi. Ba laifi, asibiti ba ya tafiya da iska. Amma in dalilinka na barin kati da folda shi ne ka san ko mutanen da ke zuwa wurinka suna samun sauƙi, to tambayoyin da za ka yi masa daban ne, kuma yawancin manhajojin da ke yawo a kasuwa ba za su iya amsa su ba.

Ga tambayar da ke raba gari da tsaki. A ce ka yi wa masu hawan jini 200 rajista a bara. A watanni 3 da suka wuce 80 ne suka dawo awo, kuma 60 daga cikinsu jininsu ya sauka ƙasa da 140/90. Manhajar da ke ƙirga waɗanda suka zo kawai za ta ce maka kashi 75 cikin 100 sun daidaita, ka yi ta murna. Wadda ke riƙe da sunan kowa tun ranar rajista za ta ce kashi 30 ne, ta kuma fitar maka da sunayen 120 ɗin da suka ɓace da lambar wayarsu. Ta biyun ce ta faɗi gaskiya, domin shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda a cikin waɗanda suka ɓace suke faruwa. Duk manhajar da ba ta iya nuna maka wanda bai dawo ba, rasit kawai take bugawa.

Tun a 1966 wani likita a Amurka, Avedis Donabedian, ya kasa awon ingancin jinya gida 3: kayan aiki da ma'aikatan da ke akwai, yadda aka gudanar da aikin, da abin da ya sami majinyaci a ƙarshe. Na farkon da biro da takarda ma ana ƙirga shi. Na biyu da na uku su ne ke buƙatar manhaja ta gaske, domin sai an haɗa abin da ya faru a ɗakin likita da na ɗakin gwaji da na ɗakin magani a kan mutum guda.

Wannan haɗin ne ya sa muka fi karkata ga Bahmni, kuma ba ma ɓoyewa. Kamfanin ThoughtWorks ne ya fara gina ta domin asibitin Jan Swasthya Sahyog da ke karkara a jihar Chhattisgarh ta Indiya, wurin da wuta da intanet ba su da tabbas kamar yadda muka saba. Manhajoji ne da aka ɗinke wuri ɗaya: OpenMRS na riƙe bayanan jinya, OpenELIS na kula da ɗakin gwaji, Odoo na kula da kuɗi da sito. Ita OpenMRS ɗin tun 2004 aka faro ta, tsakanin cibiyar Regenstrief ta jihar Indiyana da ƙungiyar Partners In Health, ta fara aiki a Eldoret ta Kenya kan masu cuta mai karya garkuwar jiki. Ba baƙuwa ba ce a Najeriya, don NMRS, manhajar bayanan marasa lafiya ta Najeriya da asibitoci da dama ke amfani da ita a sashen wannan cuta a kanta aka gina ta. Ke nan akwai matasan da hannunsu ya riga ya faɗa da ita.

Abin da ya fi burge mu a cikinta shi ne ƙamus ɗinta. Kowane abu da ake rubutawa yana da gurbinsa da lambarsa. Awon jini akwati 2 ne na lamba, na sama da na ƙasa, kuma za ka iya sa masa iyaka ta yadda in nas ta buga 1200 maimakon 120 zai ƙi karɓa. Sunan cuta daga jeri ake zaɓa, ana kuma ɗaure shi da lambobin ICD-10, wato jerin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, saboda haka wanda ya saba rubuta "maleriya" da wanda ke rubuta "MP" da mai rubuta "zazzaɓi" duk wuri ɗaya za su faɗa. In kuwa manhaja ta bar wa likita fili babba ya zuba rubutu yadda ya ga dama, kwamfuta ba za ta iya ƙirga komai daga ciki ba. An dai mayar da mummunan rubutun hannu zuwa allo ne kawai.

Da irin wannan tsari za ka iya tambayar abubuwan da ke da amfani. Cikin yaran da aka ba maganin maleriya na ACT a watan jiya, nawa aka yi wa gwajin jini kafin a ba su? Cikin masu awon ciki, nawa suka sha SP, maganin kariya daga maleriya, aƙalla sau 3, nawa suka zo awo sau 8 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016? Matar da ta zo da jijjiga, minti nawa tsakanin shigowarta da allurar magnesium sulphate, kuma ranar da ba a yi ba, akwai maganin a sito ko ya ƙare? A sashen tamowa, ma'aunin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji ke bi, ya ce waɗanda suka warke su wuce kashi 75, mutuwa ta kasa kashi 10, masu gudu su kasa kashi 15. Za ka iya ganin naka kowane wata, ba sai an zo daga Abuja an gaya maka ba. Tambayar maleriya da ta jijjiga ba sa amsuwa sai ɗakin gwaji da sito suna cikin manhaja ɗaya da ɗakin likita.

Akwai wasu ƙananan abubuwa 3 a OpenMRS da ba a tallata su, amma su ne ke ceton lissafi a ƙasar Hausa. Tana yarda a sa shekarun haihuwa na kintace ta kuma yi musu alama, don tsohuwar da ta ce an haife ta shekarar da aka yi fari ba za a tilasta mata ranar ƙarya ba. Tana iya haɗe fayil 2 na mutum ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda Aisha da A'ishatu da Indo ke iya zama mace guda, Muhammad da Mamman da Muhammadu kuma namiji guda. In ba a haɗe ba, mace ɗaya za ta fito a rahoto a matsayin mata 3 da kowacce ta zo awo sau ɗaya ta gudu. Sannan ba ta goge abin da aka rubuta. In an gyara, tsohon na nan a ƙasa da sunan wanda ya gyara da lokaci.

Ba ta rasa nata wahalar ba. Lasisi kyauta ne, amma kafawa ba kyauta ba ce. Kana buƙatar mutum guda da ya iya Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, ko naka ko na haya, don rahotannin inganci irin na sama sai an zauna an rubuta su. Ka ware watanni, ba makonni ba. Kada ka kunna duk sassa rana ɗaya: fara da ɗakin kati, in rajista ta zauna a ƙara ɗakin gwaji da na magani, ɗakin likitoci ya zo daga baya, domin su ne suka fi saurin komawa takarda da zarar layi ya yi tsawo. Sabar da za ta zauna a cikin asibiti, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, ta sami RAM 16GB da faifan SSD, a ja waya zuwa ɗakunan da aka fi aiki maimakon dogaro da wayales ta ratsa bangon siminti. Wuta kuma a yi mata lissafi: in saba da na'urorin haɗi suna jan wat 200, awa 12 na dare na cin kilowat-awa 2.4. Batirin 200Ah mai bolt 12 abin da ke cikinsa ke nan a rubuce, amma irin na ruwa rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, don haka 2 za ka saya, kuma kada a jona firij ko fanka a layin.

Sauran fa? DHIS2 ta Jami'ar Oslo, wadda Najeriya da Nijar da Gana ke tura rahoton wata-wata a cikinta, ba don ɗakin likita aka yi ta ba. Jimla take tarawa, sashenta na Tracker kuma ya fi dacewa da shiri guda kamar rigakafi ko tarin fuka. Abin da za ka nema shi ne manhajarka ta iya fitar da alƙaluman da DHIS2 ke so ba tare da an sake ƙirgawa da hannu ba. LAMISPlus da NMRS tare da shirin yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki suke zuwa, ba su ne za su riƙe maka asibiti gaba ɗaya ba. OpenEMR ta isa ƙaramin kilinik, sai dai a kan tsarin inshorar Amurka aka ƙera ta. Epic da Oracle Health, wato tsohuwar Cerner da kamfanin Oracle ya saya a 2022 kan kusan dala biliyan 28, na manyan asibitocin ƙasashe masu kuɗi ne, kada ka ɓata lokacinka. Excel kuwa, da mutum 2 sun buɗe fayil ɗaya an shiga rigima.

Saura manhajojin kamfanonin gida, masu zama a intanet ana biyan kuɗin wata. Akwai nagari a cikinsu, suna da sauƙin farawa, kuma akwai wanda za ka kira in ta tsaya. Amma a nan ne 'yan damfara suka fi fakewa, kuma a nan za mu daɗe.

Na farko, mai ɗauko manhajar kyauta ya canza mata launi da tambari ya ce shi ya ƙirƙira. Karɓar kuɗin kafawa da kulawa halal ne. Ƙaryar ce matsala, don wanda ya ɓoye maka asalin kaya zai ɓoye maka lambar sirrin saba, kuma yawanci tsohon zubi ne da ba a sabunta tsaronsa ba. Tambaye shi kai tsaye a kan me aka gina ta, wane zubi ne, ka sa ya rubuta a takarda.

Mafi muni shi ne mai garkuwa da bayanai. Farashin shekarar farko ƙasa-ƙasa, sai an zuba fayil dubu 30 ya ninka kuɗi. Ka ce za ka tashi, ya ce bayanan ba sa fita, ko ya turo maka PDF dubbai waɗanda babu manhajar da za ta iya karantawa. Ka gudu daga ɗakin kati mai ƙura ka faɗa hannun wanda ya riƙe maka tarihin majinyatanka, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Maganinsa tun kafin sa hannu ne: a rubuta cewa bayanan na asibiti ne, kana da ikon sauke su gaba ɗaya a kowane lokaci a tsarin CSV, wato fayil ɗin jadawali da wasu manhajoji ke iya karantawa, ko kwafin rumbun bayanan kansa, ba tare da ƙarin kuɗi ba. In ya ce manhajarsa na jin FHIR, wato ƙa'idar musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji, kada ka gyaɗa kai. Ka ce ya fitar da fayil ɗin majinyaci guda a gabanka. Gani ya kori ji.

Allon zane-zane mai launi ma tarko ne. Abin da ake nuna maka ranar talla da bayanan ƙirƙira aka cika shi. Ka zo da tsofaffin kati 50 na asibitinka, a rufe sunaye, ka sa ma'aikacinka, ba nasa ba, ya shigar da su, sannan ka yi tambayar hawan jinin nan. Ka taɓa kowane adadi a allon: in bai buɗe maka jerin mutanen da suka haɗa shi ba, ba za ka taɓa iya tantance shi ba. Ka zare wayar intanet ana tsaka da rajista ka ga abin da zai faru. Wanda ya ƙi wannan gwaji yana so ka yi cinikin biri a sama ne.

Ka kuma bincika ko ana iya canza bayani ba tare da sawu ba. Manhajar da mai lambar shugaba zai iya mayar da "ya rasu" zuwa "an sallama" babu alama, ba ta da amfani wajen awon inganci, kuma ranar da aka je gaban kotu ko kwamitin ladabtarwa ba za ta kare kowa ba. Haka nan wadda ke barin duk nas-nas na sashe su shiga da lambar sirri ɗaya. A Najeriya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin majinyaci, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma asibiti ne farkon wanda za a tuhuma. Tambayi inda sabar take, wa ke iya leƙawa, a kuma rubuta cewa ba za a ba kowa bayanan ba, har kamfanin magani da mai bincike.

Wani ha'incin a cikin gida yake tsirowa, kuma mugun tsari ne ke shuka shi. In fom ya zo da 120/80 a cike tun farko, rabin majinyata za su fito lafiya lau. In akwai maɓallin kwafe bayanin jiya, za ka ga majinyaci yana "samun sauƙi" har ranar da ya cika. In zaɓin sallama bai raba wanda ya warke da wanda dangi suka ɗauke da wanda aka tura gaba ba, mutuwa za ta ragu a takarda alhali a gida ko a mota take faruwa. Duba lambar ƙarshe ta awon jini na wata guda: in kusan duka da sifili suka ƙare, ana kintace ne ko ana zagaye lamba. Kuma kada ka ɗaura alawus a kan waɗannan alƙaluma a shekarar farko, don ranar da ka yi haka alƙaluman za su gyaru, jinyar ba za ta motsa ba.

Kayan ƙarfen ma a sa ido. Tsohuwar saba da aka goge aka sa a sabon kwali, faifan da aka rubuta masa 1TB alhali cikinsa bai kai ba, batirin da aka sake wa takarda. Duba lambar kaya a shafin kamfanin da ya ƙera, ka cika faifan da fayil ka gani ko zai ɗauka, batir kuma a ɗora masa kaya dare guda a auna.

Kashi na ƙarshe na kuɗin kwangila, ko da 20 cikin 100 ne, ka riƙe shi har sai an yi abu ɗaya a idonka: a ɗauki kwafin ajiya na daren jiya, a ɗora shi a wata kwamfuta daban wadda ba ta taɓa ganin manhajar ba, a buɗe fayil ɗin majinyacin da aka gani jiya da yamma, a ga awonsa da maganinsa suna nan. A riƙa maimaita wannan duk wata 3, kwafi guda kuma ya riƙa kwana a wajen ginin asibiti.