Kwamfutar wasa a Maraɗi: tsohuwar ta ofis, haɗin hannu, ko sabuwa a kwali?

Cikin zafin bazarar bara, ɗan yayata ya sauko daga kabu-kabu rungume da akwatin kwamfuta kamar mai kai yaro asibiti. Ya dire ta bakin ƙofa ya ce, “Kawu, duba mini. Tana tashi lafiya lau, amma da an shiga wasa, kafin hutun rabin lokaci sai ta ɗauke.” Na kwance murfin. Katin garafik ɗin, wato mai sarrafa hoton wasa, RX 580 ne mai giga 8, kati na kirki a zamaninsa, sai dai shi kaɗai yana shan wat 185. Akwatin wutar da ke ciyar da shi kuwa an buga masa 500W da manyan baƙaƙe, ba sunan kamfani, na ɗaga shi na ji bai kai nauyin kwalin sukari ba. Wayar da ke kai wuta ga katin ma ta haɗi ce, an jawo ta daga layin faifai. Ƙura kuma ta shimfiɗa tabarma a bayan fankar furosesa, ƙwaƙwalwar injin. Na ce masa, “Kai, doki ka saya ka ɗaure shi a turken akuya.”

Yaron bai yi wauta ba, abin da ya gani a YouTube ya bi. Masu gwajin can suna auna kayansu ne a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ƙyaftawa. Mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙurarsa, kuran kuma ya tafi ya dawo ba sallama. Saboda haka in mutum ya zo mini da kuɗinsa, lambar farko da nake dubawa a jikin kowane kati ita ce wat nawa yake sha. Ƙarfinsa a wasa yana zuwa na biyu.

Kafin nan ma, wane wasa za ka yi? Yawancin masu tambayata ƙwallo suke so: eFootball, wanda aka sani da PES kafin 2021, ko EA Sports FC, wanda har yanzu kowa FIFA yake ce masa. Sai GTA V, sai masu tuƙa tirela a Euro Truck Simulator 2. Duk waɗannan a kan allo mai 1080p ba sa buƙatar abin da zai sa ka sayar da fili. FC 24, alal misali, mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, giga 8, da wuri giga 100 a faifai. Riƙe wannan a matsayin ƙasan tsani.

Hanya mafi arha ita ce tsohuwar kwamfutar ofis

Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre. Su ne suka cika shaguna, kuma ba na raina su: an ƙera su don su kwana su wuni a kunne, suna da juriya. Amma suna zuwa da girma uku, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. Ƴar ƙaramar nan mai kama da littafi yawanci ba ta da ramin saka kati, kada ma ka taɓa ta in wasa kake nufi. Siririyar ta tsakiya tana karɓar gajeren kati kawai. Doguwar ita ce mai ɗan sarari.

Babbar matsalarsu akwatin wuta. Yawanci wat 180 zuwa 260 ne, ba shi da wayar katin garafik mai baki 6 ko 8, kuma a sababbin samfuran bakin da ke shiga uwar allo, wadda masu gyara ke ce wa kart-mer, na kamfanin ne shi kaɗai. Ba za ka ciro shi ka sa na kasuwa kai tsaye ba. Abin da ya rage maka shi ne katin da ramin PCIe, wato ramin saka kati a uwar allo, zai iya ciyarwa da kansa, ramin kuwa wat 75 yake bayarwa. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, kowanne giga 4, suna cikin wannan sahun, in ka samu waɗanda ba su da bakin ƙarin wuta. RTX 3050 mai giga 6, wanda ya fito a 2024, wat 70 yake sha kuma ya fi su duka. Shi zan zaɓa in aljihu ya kai. RX 6400 yana shan wat 53 kacal, abin sha'awa, amma layukansa huɗu ne kawai, a tsohon ramin PCIe 3.0 na waɗannan injuna ƙarfinsa kan ragu.

Dubi zamanin furosesa kafin ka dubi sunansa. Mai shago zai ce maka “i7 ce, Alhaji,” alhali i7 ta 2013 ce. Lambar farko bayan layin, ko biyun farko daga zamani na goma, ita ke faɗin zamani: i5-4570 na huɗu ne, i5-8500 na takwas. Na takwas ɗin nan shi ne iyaka mai muhimmanci, don i5-8500 yana da ƙwaya shida, na shida da na bakwai huɗu-huɗu, kuma Windows 11 a hukumance daga zamani na takwas yake farawa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ba wai injin zai daina tashi ba ne, amma kana sayen abin da aka riga aka juya wa baya.

Wannan hanya tana da kyau ga ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke son ya yi aikin makaranta da rana, ya buga ƙwallo da dare. Injin gaba ɗaya ba ya shan wuta sosai, ƙaramin ondular, mai batirin riƙe wuta in kuran ya ɗauke, ma ya riƙe shi. Aibinta ɗaya: inda ka saye ta nan za ta tsaya. Ba ta da gaba.

Haɗin hannu, inda ni nake sa kuɗina

Nan kai ne ke zaɓen kowane yanki, kuma kowane yanki yana fita a sa wani. In dai ana maganar kuɗi da amfani, har yanzu gurbin furosesa na AM4, na kamfanin AMD, bai tsufa ba. Ryzen 5 5600 yana da ƙwaya shida, an ƙiyasta shi a wat 65, kuma yana zuwa da fankarsa a kwali. Uwar allo B450 ko B550 ta ishe shi, sai dai tsohuwar B450 tana iya buƙatar a sabunta mata BIOS, manhajar da ke tayar da ita, kafin ta gane shi. Ka sa mai shago ya tayar da ita a gabanka. A ɓangaren Intel, i5-12400F kishiyarsa ce, ba wanda zai yi da-na-sani tsakaninsu. Harafin F ɗin yana nufin ba hoto a cikinsa, haka ma 5600 ɗin: in ba kati, allo baƙi ƙirin.

Wanda kuɗinsa bai cika ba, akwai dabara. Ryzen 5 5600G yana da nasa garafik a ciki. Za ka yi GTA V da tsofaffin PES da shi a kan matsakaicin saiti, ka tara kuɗin kati a hankali har bayan kaka. Abin da ka sadaukar shi ne rabin ma'ajiyarsa ta ciki, mega 16 maimakon 32, don haka bayan ka sa kati zai ɗan bi bayan 5600. Gurbin AM5 kuwa, wanda ya fito a 2022, RAM irin DDR5 kaɗai yake karɓa. Yana da gaba mai tsawo, amma kuɗin da zai ci a RAM da uwar allo gara a zuba shi a kati.

To, katin. RX 580 ya fito a 2017, arharsa ce ke jan mutane, kuma akwai dalilin arhar. Da shi aka yi ta haƙar kuɗin intanet dare da rana, sai da Ethereum, ɗaya daga cikin irin kuɗin nan, ta sauya tsari a Satumba 2022 aka kwararo su kasuwa. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu sun gaji. Akwai kuma samfurin da ake rubuta wa 2048SP, wanda a gaskiya ɗan'uwan RX 570 ne da aka sa wa babbar riga. Kwatanta shi da RX 6600 na 2021: giga 8 shi ma, ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, kuma wat 132 yake sha. Bambancin wat hamsin ɗin nan zafi ne da ba zai shiga ɗakinka ba, mintoci ne da za su ƙaru a ondular. GTX 1660 Super mai giga 6 da wat 125 shi ma ba laifi in an same shi da rahusa.

A sama da su, ana yawan tambayata tsakanin RTX 3060 mai giga 12 da RTX 4060 mai giga 8. Na farkon wat 170, na biyun 115 kuma ya ɗan fi gudu a 1080p. Mai haɗa bidiyon biki ko aikin da ke cin ma'ajiya, giga 12 ɗin za ta yi masa rana. Mai wasa zalla a Maraɗi, musamman wanda gidansa ke kan sola, 4060.

Kada yawan giga ya ruɗe ka. GT 730 mai “giga 4” bai kama ƙafar GTX 1050 mai giga 2 ba. Girman randa daban, ƙarfin famfo daban.

RAM giga 16, sanda biyu na takwas-takwas, ba sanda ɗaya ba. Biyun suna aiki a layi biyu, kuma ga mai 5600G wannan ba zaɓi ba ne, dole ne. Faifai kuwa SSD. Na SATA yana kai mega 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 ya kusa 3500, amma a wasa bambancinsu kaɗan ne. Babban tsalle shi ne barin tsohon faifai mai juyawa. Na fi son ka sayi mai faɗi a kan mai gudu. Wanda ya taɓa sauke wasan giga 100 da forfe ɗin waya ya san ba a goge shi don neman wuri.

Akwatin wuta shi ne wurin da ba na ciniki. Wat 550 na kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai wayar kati tasa ta asali, ya ishe duk haɗin da na ambata. Tambarin 80 Plus yana faɗin yadda yake tattalin wuta ne, ba shaidar inganci ba ce gaba ɗaya, amma wanda ba shi da ko wannan, kuma ba nauyi, bar shi a kan tebur. Akwatin jiki kuma mai raga a gaba, da tacen ƙura da ake cirewa a wanke. Mai gilashi ta ko'ina tanda ce.

Sabuwa a kwali, mai fitilu ja da shuɗi, ba zan daɗe a kanta ba. In daga kamfani sananne take da takardar garanti da za ta yi aiki a inda kake, madalla. Amma da yawa daga waɗanda ake tallatawa a Facebook da sunan “i7 gaming” tsohuwar uwar allo ce a sabon akwati. Ka nemi cikakkiyar lambar furosesa da ta kati. In aka fara kame-kame, ka samu amsa. Wanda kuma gidan wasa yake son buɗewa a unguwa don yara su biya su buga ƙwallo, gaskiya PlayStation ta fi masa sauƙin sha'ani.

A ina za a saya? Kano ta fi yawan kaya, a titin Beirut za ka ga abin da ba ka gani nan, kuma ta Ɗan Isa da Jibiya ba nisa. Ka tambayi ƴan canji farashin naira da sefa a ranar, ka ƙara kuɗin mota, sannan ka tambayi kanka: in katin ya mutu bayan sati, wa zan kai wa? Ƴan jakunkuna da za ka ƙara wa mai shagon da ka san ƙofarsa sau da yawa ba asara ba ne. Ko ina ne dai, kada kuɗi su bar hannunka kafin gwaji. Tafi da kile mai ɗauke da manhajojin gwaji: GPU-Z da FurMark don kati, CrystalDiskInfo don faifai. GPU-Z kan tona katin jabu, irin tsohon GTS 450 da ake sauya wa suna ya koma 1050 Ti. In ka ga bakin VGA mai shuɗi a jikin “1050 Ti”, fara zargi tun nan. Saki FurMark minti goma sha biyar kana kallon allo da zafi. Ɗigo-ɗigo masu launi, layuka, ko fanka mai ƙarar injin niƙa, ka ce Allah ya ba da kasuwa.

Ka ware kuɗin regilatar da ondular tun a lissafin farko. Lambar da ke jikin ondular VA ce, ba wat ba: mai 650VA abin da yake ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Ga injin ofis ya isa, ga haɗi mai RX 6600 da allonsa nemi 1000VA ko sama. Aikinsa ya ba ka mintocin kashe inji lafiya, ba na ƙarasa gasa ba, kuma zafinmu yana gajarta ran batirinsa. In kana taɓa akwatin kana jin yana tsikarinka, gidan ba shi da wayar ƙasa. Kira mai aikin kuran, ba mai gyaran kwamfuta ba.

Matsalolin da ake kawo mini, rabinsu ba su kai a hau kabu-kabu ba. Fanka na juyawa allo baƙi: duba ko wayar HDMI a bakin uwar allo take maimakon bakin kati, in ba haka ba cire RAM, goge haƙoransa da magogin fensir, mayar har ka ji ƙas. Kwanan wata na komawa baya: pil ɗin CR2032 ya ƙare. Wasa ya fara sumul sannan ya riƙa tsinkewa: zafi ne, furosesa na rage gudu da kansa in ya kusa digiri 95, sai a share ƙura a sabunta man da ke tsakaninsa da fanka. In za ka hura, riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyi, kuma kada ka kai ta wurin mai faci, iskar injinsa kan zo da ruwa. Ɗaukewa gaba ɗaya a tsakiyar wasa kuwa, in zafi bai hau ba, akwatin wuta ne.

Na ɗan yayata duka biyun ne suka haɗu. Mun bar masa RX 580 ɗinsa tunda ya ci gwaji, muka sa akwatin wuta na gaske, na rage wa katin iyakar shan wuta a manhajar AMD, muka ɗauke injin daga ƙasa muka ɗora a kan tebur nesa da taga. Ta ƙarasa bazara ba ta ɗauke ba. Shekaranjiya ya turo mini saƙon murya: “Kawu, nawa ne fankokin nan masu fitila?” Ban amsa masa ba tukuna.