Ruwan wanke inji na jarka: bulok ya ji daɗinsa, kan silinda ya ji jiki

Masu tayar da tsofaffin motoci a gida sun san jarkar nan mai ruwan hoda da ake ta yayi yanzu. Ni na saye ta ne saboda Peugeot 504 ta mahaifinmu, haɗin Kaduna, wadda ta daɗe a jingine har kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Na sauke injin a tsakar gida, niyyata in wanke komai tas kafin fenti.

A kan bulok, wato gangar jikin injin, dai ba ni da ta cewa. Baƙin mai da ƙura sun daskare a jikinsa har sai an sa sukundireba ake ɓamɓarowa, kananzir ma ya gaza. Da na shafa ruwan nan na ɗan bar shi, sai ga dauɗar tana zubowa da kanta, burushin waya kawai na bi da shi. Har lambar injin da ban taɓa gani ba ta fito. Sai dai a ɗauraye a busar da wuri, don ƙarfen da aka raba da maiko ba ya jimawa tsatsa ta hau shi. Fentin feshi mai jure zafin digiri 260 ya kama shi gam, bai ɓare ko'ina ba. A ranar har na kira wani abokina na ce ya je ya sayi tasa jarkar.

Matsalar ta zo ne a wajen kan silinda, wato murfin da ke saman bulok. Injin 504 bulok ɗinsa ƙarfe ne, amma kan silindar alminiyom ne, kuma a jikin jarkar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ruwan ya dace da kowane irin ƙarfe. Ina zubawa sai na ji yana cuwww, farar kumfa tana tashi, ga wani tururi mai shaƙe maƙogwaro. Kafin in jawo bokitin ruwa fuskar ta koma toka-toka mai duhu, in ka shafa da yatsa baƙi ya biyo ka. Wannan aikin soda ce, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Ba ta taɓa ƙarfe, amma alminiyom cinye shi take yi. Ko kalma ɗaya ba a rubuta game da ita a jikin jarkar ba, balle a ce ka sa safar hannu. Bayan hannuna sai da ya yi saɓa.

Abin da ya fi ƙona min rai, wurin da gaskit ke zama tsakanin kan silinda da bulok ya yi ƙananan ramuka, dole na kai wa masu injin gyaran fuska suka ɗan rage shi. Tun 2006 aka daina haɗa 504 a Kaduna, samun kan silinda mai lafiya yanzu sai an sha yawo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Allah ya taimake ni ban riga na tsoma kafireto a ciki ba.

Na koma wurin wanda ya sayar min da hoton a waya. Ya duba, ya ce, "Alhaji, ai kowa shi yake saya, kai ne na farko da ka kawo ƙorafi." Ko haƙuri bai ba ni ba.

Da farko na yi niyyar ba ruwan wankin nan tauraro uku saboda bulok. Amma ina rubutun nan na tuna kuɗin gyaran fuskar da sabon gaskit, na mayar da shi biyu. Ragowar na ajiye don tiren mai da ƙafafun inji, duk abin da yake alminiyom kuwa na koma wa kananzir da burushin roba. Abokin nawa ma na sake kiransa na ce ya dakata.