Tarihin Rayuwar Masu Shirin Lambu na Birtaniya: Wanne Littafi Ya Fi Cancantar Kuɗinka?

Shirin Gardeners' World na gidan talabijin na BBC, wanda aka fara nunawa a shekarar 1968, ya mayar da wasu masu aikin lambu fitattun mutane a Birtaniya, kuma da dama daga cikinsu sun rubuta tarihin rayuwarsu. Mai son sayen ɗaya daga cikin waɗannan littattafai yakan tarar da sunaye biyu a gabansa, wato Alan Titchmarsh da Monty Don, waɗanda suka gaji juna a jagorancin shirin. Kafin a kai ga zaɓe, ya kamata mai saye ya san cewa duka da Turanci aka rubuta su, kuma ba littattafan koyar da noma ba ne. Lambun da suke magana a kai na ƙasar sanyi ne mai ruwan sama kusan duk shekara, saboda haka wanda yake neman dabarar renon tumatir ko zogale a lokacin rani ba zai same ta a cikinsu ba.

Titchmarsh shi ne wanda ya fi wahalar da mai saye, domin har sau uku ya ba da labarin kansa. An haife shi a garin Ilkley na yankin Yorkshire a 1949, mahaifinsa mai gyaran famfo ne, ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 ya shiga koyon aiki a sashen kula da lambunan ƙaramar hukumar garinsu, daga baya kuma ya yi karatu a shahararren lambun Kew da ke Landan. Ya karɓi shirin a 1996 bayan rasuwar Geoff Hamilton, wanda yake gabatar da shi kafin nan, ya riƙe shi har 2002, yana gabatar da shi daga lambun gidansa a Hampshire. Na farko a cikin littattafan tarihin nasa, Trowel and Error, ya fito a 2002, kuma shi ne ya ɗauko rayuwar tun daga yarinta har zuwa shahara, zamanin da yake gabatar da shirin gyaran lambuna na Ground Force, wanda ya kai shi Afirka ta Kudu a 1999 domin gyara wa Nelson Mandela lambun gidansa na ƙauyen Qunu. Na biyu, Nobbut a Lad na 2006, ya tsaya ne a kan ƙuruciyarsa a Ilkley cikin shekarun 1950, na uku kuwa, Knave of Spades na 2009, ya fi karkata ga yadda ya koyi sana'ar. A ganina wanda zai sayi ɗaya kawai ya sayi na farkon, tun da sauran biyun faɗaɗa wasu sassansa suka yi, kuma wanda ya haɗa su uku zai riƙa cin karo da mutane da wurare iri ɗaya. Hasali ma na biyun ya fi dacewa da mai sha'awar rayuwar talakawan arewacin Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu fiye da mai sha'awar shuke-shuke.

Littafin Monty Don, The Jewel Garden, daban yake ƙwarai, kuma shi ne na fi ganin nauyinsa. An haifi Don a 1955, bai yi karatun aikin lambu a makaranta ba, sana'arsa ta farko tare da matarsa Sarah ita ce ƙera kayan ado da sayar da su a Landan. Kasuwar ta bunƙasa a shekarun 1980, sannan ta durƙushe bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1987, har suka rasa gidansu. A 1991 suka sayi wani tsohon gida mai fili a ƙauyen Ivington na Herefordshire, wanda masu kallo suka sani yanzu da sunan Longmeadow. The Jewel Garden, wanda ya fito a 2004, su biyun suka rubuta shi, kowa yana faɗin abin da ya gani, kuma a ciki Don bai ɓoye ciwon damuwar da ya daɗe yana fama da shi ba, musamman a watannin hunturu da rana take ƙaranci. Ba ya ƙoƙarin faranta wa mai karatu rai kamar yadda Titchmarsh yake yi da barkwanci, amma wanda ya taɓa ganin karayar arziki a gidansu zai gane muryar. Abin lura shi ne littafin bai kai ga ƙaramar shanyewar jikin da ta sa ya ajiye shirin a 2008 ba, balle dawowarsa a 2011, don haka ba cikakken tarihi ba ne. Akwai kuma littafinsa na 2016 a kan karensa Nigel, wanda ya samu karɓuwa sosai a can, sai dai mai karatun da bai tashi da al'adar zama da kare a ɗaki ba yana iya barinsa ba tare da ya yi asara ba.

Wanda yake son muryar mace ya duba Hortobiography na Carol Klein, ɗaya daga cikin masu gabatar da shirin Gardeners' World, littafin da ya fito a 2024. Malamar koyar da zane ce kafin ta koma Devon ta kafa wurin renon tsirrai a gidanta na Glebe Cottage.

Game da irin bugun da za a saya, littattafan Titchmarsh labari ne zalla, saboda haka bugu mai bango mai laushi ko na karantawa a waya ya wadatar, kuma da yake an buga su da yawa, na hannu ba ya wuyar samu a shagunan intanet. The Jewel Garden kuwa hotunan lambun suna cikin abin da ya sa ake sonsa, don haka a tambayi mai sayarwa ko bugun da yake hannunsa yana ɗauke da su masu launi, a kuma lissafa kuɗin aikowa tun da farko, domin littafi mai nauyi da aka turo daga Ingila kuɗin jigilarsa yakan zarce farashinsa.