Fiya-wata, lemon kuzari ko ORS: me ɗan dako zai saya a zafin Legas?

Bara ƙanena ya faɗi a kasuwar Mile 12 bayan ya yini yana sauke buhunan albasa. Tun safe yake kwankwaɗar fiya-wata, leda bayan leda, ba abin da ya sa a cikinsa. Da ya fara ciwon kai da amai, hannuwansa suka kumbura, yana magana ba kan gado, sai abokan aikinsa suka ƙara ɗura masa ruwa, su a ganinsu taimako ne. A asibiti aka ce ruwan ne ya tsinka gishirin jininsa, wato sodiyam. Na mai lafiya yana tsakanin 135 zuwa 145. Idan ya sauka ƙasa sosai ƙwaƙwalwa kumbura take yi, abin har ya kan kai ga farfaɗiya ko rasa rai. Ƙoda ba ta iya fitar da abin da ya wuce kimanin lita guda a awa, ga gumi kuma yana tafiya da gishiri.

Fiya-wata ba ta da laifi idan ka sha don ƙishirwa kuma ka ci abinci, amma ba ta mayar da gishirin da ya fita. Lemon kuzari na gwangwani sukari ne da sinadarin kafeyin mai hana barci, ka bar musu kayansu. Na 'yan wasanni yana da ɗan gishiri, sai dai ga tsada, kuma wanda ya cika cikinsa da shi zai iya faɗawa matsalar nan.

Ni ORS nake saya, ruwan gishiri da sukari da muke bai wa yara idan suna gudawa. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi yana da gishiri giram 2.6 da gulukos giram 13.5 a kowace lita, gulukos ɗin ne ke taimaka wa hanji ya ja gishirin. Idan ƙunshin na lita guda ne, ledar fiya-wata biyu masu 50cl ke nan. Ka zuba a gora mai tsabta, ka girgiza, ka riƙa kurɓa idan gumi ya yi yawa, abin da ya kwana ya yini ka zubar. Shi ma ba a ce ka yi ta ɗirka ba, ƙishirwa ce ma'auninka. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya fara tambayar likita.

To, sai a yi hattara wajen saye. Na taɓa karɓar guda biyar hannun mai tallan magani a cikin mota hanyar Agege, na buɗe na tarar garin ya daskare ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, an kankare ranar lalacewarsa. Ka je kemis mai rajista. Ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ka duba kwanan wata, ka matsa ƙunshin ka ji gari na motsi. Wanda ya sha rana a faranti, ko rubutunsa ke gogewa da yatsa, kada ka karɓa ko kyauta ne. Haka masu cusa maka ƙwayar ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen wai ta ƙara ƙarfi. Waɗannan ƙwayoyin suna iya hana ƙoda fitar da ruwa yadda ya kamata.

Idan abokin aikinka ya sha ruwa da yawa sannan ya rikice yana amai, kada ka ƙara masa ko kurɓi ɗaya, ka nemi mota zuwa asibiti.